Wa Ya Fara Nuna Mata Kifi?

Jikata Hadiza ta zama dakta a ilimin kifin teku! Salamu alaikum.

Amma na ji kishi. A bikin ba ta digirin, sai yabon wani tsohon Bature masunci take yi, wanda take bincike a jirginsa, har da kiransa "Granddad", wato kaka.

Ni fa? A shekarun casa'in, kafin in tafi makarantar yamma, ni nake nuna mata layukan ɓawon kifi a kicinmu na unguwar Camberwell, muna ƙirga shekarunsa.

Na ce, "Amarya, wato kin sake kaka?"

Ta miƙo littafin bincikenta: "Angona, karanta da kanka."

Sunana ne a layin farko na shafin godiya. Nasa na biyu, kuma ni a ganina ya matso da yawa.

Ku zo ku gani, ku raba mu!