Kujerun Rumfa da Gangar Baba

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Ostareliya ya kira ni kwanan baya. Bayan mun gaisa, sai ya shiga yi mini ƙorafi a kan ƙwallon can ƙasar. Ya ce tasu daban ce, da hannu ake kama ta, kuma siffarta kamar ƙwai. Abin da ke damunsa shi ne, idan wasan ƙarshe ya zo, magoya bayan da suka yi ta bin ƙungiya tun farkon kaka ba sa samun tikiti yadda ya kamata, domin an ware kaso mai tsoka ga kamfanoni da manyan baƙi. Na bar shi ya gama. Sannan na tambaye shi ko waɗanda aka ba tikitin suna zuwa. Ya ce suna zuwa mana, filin cika yake yi maƙil. Na ce masa to rabin ƙorafina yake da shi, ya gode wa Allah.

Ga nawa, kuma zan faɗe shi bi da bi yadda ya faru.

Na fara aiki a masaƙa a Kakuri ina saurayi, a sashen rini. Shugaban sashenmu mutumin kudancin jihar Kaduna ne kamar ni, kowa Baba yake ce masa tun kafin furfura ta fito masa. Shi ya koya mini aiki, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar aurena, shi kuma ya fara kai ni kallon ƙwallo. Yana da wata ganga da ya ɗaura da kansa da fatar akuya. Ranar Lahadi in an tashi daga coci, sai mu ci abinci, mu cika bas, mu tsallake gada zuwa babban filin wasa na cikin gari, gangar tana kan cinyarsa.

Da masaƙu suka rufe, mutane suka watse. Wasu suka koma gida noma, wasu suka kama tuƙin keke mai ƙafa uku na haya, wasu suka kafa tebur a bakin hanya a Gonin Gora. Ni na buɗe ɗan shagon kayan gini. Ƙungiyarmu ta magoya bayan ƙwallo ce kaɗai ta rage tana tara mu wuri ɗaya.

Muna da tsari, kuma ni ke kula da shi. Kafin kowane wasa, ofishin fili yana ware wa kowace ƙungiyar magoya baya kasonta na tikiti, ni nake karɓo namu. Filin ɓangare biyu ne: akwai rumfa mai inuwa da kujeru, akwai ɓangaren rana inda ake zama a kan siminti. Tikitin rumfa na dattawa ne. Bayansu sai waɗanda ba sa fashi. Sannan sauran jama'a. Wanda bai zo wasan da aka yi cikin ruwan sama ba, ba ya shiga gaban wanda ya zo ya jiƙe. Ba a taɓa faɗa a kan wannan ba. Kuma a wasannin yau da kullum, lokacin da ƙungiyar ƙwallon take shan kashi babu mai son kallonta, 'yan ofis murna suke yi da mu. Gangar Baba ce take sa rumfar nan ta yi kama da wurin da mutane suke.

Sai shekarar da abu ya yi kyau ta zo. Ƙungiyar ƙwallonmu ta kai wasan da in ta ci, za ta koma babban rukuni bayan shekaru tana ƙasa. A shekarar ne kuma jikin Baba ya fara ƙi. Hawan jini ya kama shi, ya taɓa yanke jiki ya faɗi a wurin wata jana'iza saboda tsayuwa cikin rana, likita ya ce kada ya sake zama a rana. Tun daga nan matarsa, wadda muke kira Mama, ta hana shi zuwa fili. Amma wannan wasan ta san ba za ta iya riƙe shi ba. Ta aiko aka kira ni gidansu a Mahuta.

"Ɗana, ban hana shi ba," in ji ta. "Amma in babu inuwa, ka dawo mini da shi."

Na ce mata rumfa ce, kujerar da ya saba zama, kuma ni zan kai shi in dawo da shi.

Baba yana kishingiɗe yana jinmu. Ya ce, "Ka ga matar nan ta mai da ni man shanu, wai rana za ta narkar da ni."

"Man shanu ai yana da amfani a miya," in ji Mama. "Kai fa?"

Muka yi dariya, amma da zan fita ta biyo ni har bakin ƙofa ta sake maimaita maganar, wannan karon babu dariya. Na yi mata alkawari.

Ranar Juma'a na je ofishin fili. Sakataren ya san ni sarai, ya sha karɓar gaisuwata. Ya miƙo mini kasonmu, na duba, duk na ɓangaren rana ne. Na ce an yi kuskure, babu na rumfa. Ya ce ba kuskure ba ne, na rumfa sun ƙare. Na tambaye shi yaya aka yi suka ƙare alhali ba a fara sayarwa ba. Sai ya sa na rufe ƙofa, ya yi mini bayani kamar mai koya wa baƙo al'adar gari. Ya ce wasa babba ne, dole a girmama manya. An sa tikiti a ambulan an aika wa kowane babba a ofishinsa, kuma ba a aika wa babba guda ɗaya, sai a haɗa da na iyali da na muƙarrabai. Da aka gama da na gwamnati aka shiga na 'yan kasuwa, da na tsofaffin masu muƙami. Kafin a kai ƙarshen manyan, rumfa ta ƙare.

Na ce, "Za su zo?"

"Oga, zuwa daban, aikawa daban," in ji shi. "In ban aika wa mutum ba, ya ji an aika wa takwaransa, Litinin ba ni da wannan kujerar."

Na gaya masa abu uku. Na farko, mutanen nan ba su san ko launin rigar ƙungiyar ba. Na biyu, mu muka zauna a rumfar nan lokacin da babu kowa sai tattabaru. Na uku, kujera ɗaya tak nake nema, ta tsoho marar lafiya wanda ya fi shi kansa daɗewa a filin. Ya saurara, ya gyaɗa kai a kan kowanne, ya ce duk gaskiya ne. Sannan ya ce in zo ranar wasa in yi magana da mai ƙofa, wataƙila a dace. Wannan ita ce amsar mutumin da ya riga ya san ba za a dace ba.

Ban ɓoye wa Baba ba. Ranar Asabar na je na faɗa masa komai a gaban Mama. Ya ce za mu je. Muka tsara cewa za mu isa da wuri, mu zauna a ƙarƙashin bishiyar mangwaron da ke kusa da ƙofar rumfa, in an fara wasa kujeru suna nan babu kowa, mu nemi a bar shi ya shiga. Mama ta yarda da haka, ta ce bishiya ma inuwa ce.

Ranar Lahadi bayan sujada na ɗauki shatar keke, muka tafi. Tun daga gada mutane ke tafiya a ƙafa, riguna iri ɗaya, ana busa begila. Na raba wa 'yan ƙungiyarmu tikitinsu suka shige ɓangaren rana, wanda ya cika tun kafin 'yan wasa su fito. Na zaunar da Baba a kan benci a gindin mangwaron. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na zagaya neman masu sayar da tikiti ta bayan fage. Babu wanda yake da na rumfa ko ɗaya. Wani daga cikinsu ma ƙorafi ya yi mini, ya ce tikitin suna can kwance a durowar ofisoshin da aka kulle tun Juma'a, ko direbobi ba su samu sun fito da su ba.

Aka busa usur aka fara. Na je ƙofar rumfa. Ta ƙarfe ce, ana hango ciki ta tsakanin sanduna. Da idona na ga layi bayan layi na kujeru babu kowa, inuwa ta lulluɓe su. 'Yan mutanen da ke ciki sun bazu nan da can, wani ya miƙe ƙafa a kan kujerar gabansa yana danna waya. Kujerar da Baba ya saba zama tana nan, kusa da ginshiƙi, babu ko jaka a kanta.

Mai ƙofar ba mugu ba ne, kuma ya san Baba. Ya bar wurinsa ya zo har gindin bishiya ya durƙusa ya gaishe shi. Amma ya ce an ba shi umarni, ba mai shiga sai da tikitin rumfa. Na nuna masa kujerun. Ya ce ya gani.

"To in mai kujera ya zo fa?" in ji shi.

Na ce in ya zo, Baba zai tashi ya koma ta kusa da ita, ai ba ɗaya ba ce. Ya ce kowace tana da mai ita. Na koma lokacin hutun rabin lokaci, na ce yanzu dai kowa ya san ba mai zuwa. Ya ce babban mutum ba shi da lokacin zuwa, yana iya isowa ana saura kaɗan a tashi, kuma in ya tarar da wani a wurinsa, shi mai ƙofa ne zai kwana a ciki. Ban zage shi ba. Ba shi ya sa tikiti a ambulan ba.

Da na dawo wurin Baba, sai ya miƙe ya rataya gangarsa. Ya ce in ba shi tikitin rana, ai ya san akwai nawa a aljihuna. Na ce ba zan ba shi ba. Ya ce rana ta yi sanyi. Na ce ba ta yi ba, ga inuwar mangwaron nan ko motsi ba ta yi sosai ba. Ya yi mini irin kallon da yake yi mana a masaƙa in mun ɓata yadi.

"Ni na koya maka aiki," in ji shi.

"Kai ka koya mini in na ce zan yi abu, in yi shi, Baba."

Ya koma ya zauna, ya juya mini baya. Na kunna ƙaramar rediyon da na zo da ita na ajiye a kan benci tsakaninmu. Mun daɗe a haka. Can sai na ji ya fara taɓa gangar a hankali, sannan ya sake ta da ƙarfi, irin kiɗan da yake yi in ƙungiya tana neman ci. Mutanenmu da ke ciki suka gane hannunsa, mai begila ya amsa ta bayan katanga, sai waƙa ta tashi. Haka ya yi ta kiɗa yana fuskantar bango. Da aka ci ƙwallon, ba daga rediyo muka fara sani ba, ƙasa ce ta girgiza a ƙarƙashin bencin. Baba ya tambaye ni wa ya ci, da ƙafa ko da ka. Na ce ban gani ba. Ya ce shi ma haka.

Abin da ya fi ƙona mini rai a wannan rana bayan haka ya zo. Mai sharhi a rediyo, wanda yake zaune a cikin rumfar, ya ce abin takaici ne a ce wasa irin wannan ga kujeru fayau, wai mutanen Kaduna sun daina son ƙwallo, sun fi son zama a gidan kallo suna bin ƙungiyoyin Turai. Ya ce sai magoya baya sun gyara halinsu. Yana wannan magana, mu muna bakin ƙofa, kuma ba mu kaɗai ba, akwai wasu dattawan daga wasu unguwanni a tsaitsaye a jikin katanga. Baba ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

Ana dab da tashi aka buɗe ƙofofin ɓangaren rana kyauta kamar yadda aka saba, jama'a suka danna ciki ana ture-ture. Ƙofar rumfa ba a buɗe ta ba. Na nemo keke tun kafin cunkoso, na mai da Baba Mahuta lafiya. Mama ta taɓa goshinsa ta ji babu zafi, ta yi mini godiya. Ta tambaye shi yaya wasa, ya ce an ce mun ci.

Da sabuwar kaka ta kama, manya sun manta da ƙwallo, rumfa ta koma hannun kowa. Sakataren da kansa ya ba ni tikitin rumfa har da ƙari, ya ce in gaishe da Baba, a zo da ganga, filin ya yi shiru. Na kai saƙon yadda aka ba ni. Baba ya karɓi tikitin, ya juya shi gaba da baya, ya mayar mini.

"Ka mai da musu," in ji shi. "Kada mai kujera ya zo."

Bai sake taka filin ba. Gangar ya ba zumuntar mata ta cocinsu, can take yanzu, Mama ma takan taɓa ta. Ni ina zuwa har yau, kuma ina karɓo kasonmu ina rabawa bisa tsarin da muka saba, dattawa da farko. Nawa dai na rana nake ɗauka, ko da na rumfa ya yi saura.