Tarihin Bari-ta-huce da Gine-ginen da Aka Kashe da Kwalliya

Wa ya fi zaluntar gini, wanda ya yi watsi da shi har ciyawa ta tsiro a rufinsa, ko wanda ya so shi har ya lulluɓe shi da abin da zai kashe shi? Mutumin da za a ba da tarihinsa a nan ya shafe ƙarshen rayuwarsa yana juya wannan tambaya, ya kuma koma ga Mahaliccinsa bai sami amsarta ba.

Haihuwa da Karatu

An haife shi a shekarar 1934 a wani ƙaramin gari da ke gindin tsauni. Mahaifinsa mai ƙona dutse ne yana fitar da farar ƙasar gini, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi a cikin gida, kuma shi ne na uku a wurinsu. An sa shi makaranta a 1941, daga bisani ya wuce kwalejin fasaha ta babban birni, inda ya yi nazarin zanen gine-gine har ya kammala a 1959 da sakamako mai daraja. Hukuma ta so ta riƙe shi a birni, shi kuwa ya nemi a tura shi ƙananan garuruwa, bisa hujjar cewa mutumin ƙauye ma yana da haƙƙin ya shiga kotu ko asibiti ba tare da zufa ta jiƙa masa riga ba.

Aiki

Daga 1960 zuwa 1984 ya zana ya kuma tsaya a kan gine-gine ashirin da uku: gidajen waya, kotuna, makarantu, ɗakunan karatu, da asibitin haihuwa na garinsu, wanda ya fi ƙauna a cikinsu. Dukkansu da dutse ya yi su, masu kaurin bango da dogayen tagogi da baranda mai zurfi, kuma bai taɓa yarda a haɗa dutsen da siminti ba. Dutse ake ƙonawa ya zama farar ƙasa, a zuba ta a rami, a kwarara mata ruwa ta tafasa, sannan a bar ta watanni kafin a kwaɓa ta da yashi. Duk lokacin da magina suka ƙosa suka ɗauko shebur, abu ɗaya yake ce musu: “Bari ta huce.” Da haka sunan ya bi shi, har manyansa a ofis suka manta da na yanka.

Hikimar wannan aiki ba ɓoyayya ba ce, domin ya bayyana ta ga duk wanda ya tsaya ya saurara. Bangon dutse da farar ƙasa yana shan ruwa da damina, ya fitar da shi da rani, kamar yadda jikin mutum yake gumi. Abin da yake bukata kawai shi ne a shafa masa ruwan farar ƙasa sau ɗaya a shekara, aikin da mai gadi zai iya yi da bokiti da tsintsiya.

Aure da Iyali

A 1963 ya auri wata malamar makaranta, mace mai kaifin harshe, wadda ta riƙa gaya wa ƙawayenta cewa ta auri mutumin da yake shafa bango ya tambaye shi yadda ya kwana kafin ya tambayi matarsa. Allah ya azurta su da ’ya’ya huɗu, kuma babban ɗan ne ya bi sahunsa, ya karanta aikin injiniya, ya kama aiki a ofishin da uban ya bari.

Shekarun Kwalliya

Ya yi ritaya a 1985, a daidai lokacin da wasu daga cikin garuruwan suka fara samun wadata. Da arziki ya zo, sai jama’a suka dubi gine-ginen nan da suke alfahari da su, suka ga bai dace a bar su da farin bango mai goge wa mutum a riga ba. Aka yaɓe su da siminti ciki da waje, aka bi da fentin mai, wasu ma aka manna musu tayil mai sheƙi. Babu wanda ya tuntuɓi mai zanen, alhali yana raye, gidansa kuma ba ɓoyayye ba ne. Sai da aka gama yi wa wata kotu wannan aiki a 1988 aka gayyace shi, domin a karrama shi a gabanta. Ya ɗora tafinsa a kan bangon ya daɗe, sannan ya juya ga shugaban garin ya ce, “Ranka ya daɗe, kun toshe masa hanci da baki.” Shugaban ya yi dariya, jama’a suka taya shi, aka ɗauki hoto.

Ba a yi shekara goma ba ruwan da aka kulle a ciki ya fara aikinsa. Yaɓen ya kumbura, kan katakon rufi ya ruɓe a inda ya shiga bango, ɗakuna suka riƙa warin danshi. Maimakon a tambayi abin da ya sauya, sai aka rubuta cewa tsofaffin gine-gine ne marasa inganci, aka kawo mota ta ture su ɗaya bayan ɗaya, aka kafa akwatunan bulo a gurbinsu, waɗanda ba a iya zama a ciki da rana sai da fanka. Waɗanda suka shaƙe ginin su ne suka zauna suka yanke masa hukuncin rashin lafiya, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da aka taɓa tuhuma.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai sami wanda zai kira maƙiyi ba. Garuruwan da talauci ya hana su taɓa gine-ginensa, nasu suna nan tsaye garau, jemagu a rufi amma bango lafiya. Waɗanda suka rushe kuwa na mutanen da suka so su ne da zuciya ɗaya. Yakan ce da an yi don mugunta da ya fi samun sauƙi, domin da ya san wanda zai daina gaisarwa.

Asibitin Haihuwa

A 1998 aka yi wa asibitin haihuwa na garinsu irin wannan gyara, kuma babban ɗansa ne ya jagoranci aikin, yana ganin ya kyautata wa uban. Zuwa 2009 gine-gine bakwai suka rage: shida da aka manta da su, sai asibitin, wanda baƙin danshi ya riga ya hau bangon ɗakin masu jego, har ana maganar rushe shi. Tsohon ya kira ɗan, ya nemi a ɓamɓare simintin tun bangon yana da sauran rai.

“Baba, ni na tsaya a kan aikin nan,” in ji ɗan. “In na fasa shi da hannuna, na gaya wa duniya ban san aikina ba.”

“Duniyar ta tambaye ka ne? Bango nake roƙa wa, ba kai ba.”

“Zamani ya wuce farar ƙasa, Baba.”

“Ruwa fa? Shi ma zamanin ya wuce shi?”

Ɗan ya yi sallama ya tafi, kuma sau biyu bayan haka aka sake maganar yana ƙi. Tsohon bai ƙara bin titin asibitin ba. Sai dai a gan shi a motar haya da bokiti da tsintsiya, yana zuwa garuruwan da aka manta yana shafe bangayen gine-ginensa da kansa, har ƙafa ta gaza.

Rasuwa

Ya rasu a shekarar 2011 yana da shekara saba’in da bakwai, bayan gajeriyar jinya. An yi masa sallah a garinsu, aka binne shi kusa da mahaifinsa, kuma daga cikin masu jawabin yabo a wurin ta’aziyya har da mutum biyu da suka ba da umarnin ture kotunansa. Ya bar matarsa da ’ya’ya huɗu: auta, wanda yake tuƙin jirgin ƙasa, ta uku, malamar lissafi, ta biyu, mai harhaɗa magunguna, sai babban ɗan, injiniyan.

Bayan an watse daga zaman makoki, ungozomar asibitin ta ji bugu a bayan ɗakin masu jego, ta zagaya ta tarar da injiniyan ya naɗe hannun riga, guduma a hannunsa, babu lebura ko ɗaya tare da shi. Ta tambaye shi wa ya ba da izini, ya ce babu. Ya sake kai wa yaɓen duka, wani ɓangare mai faɗin tire ya faɗo, dutsen da ke ƙarƙashi ya bayyana baƙi ƙirin, ruwa yana tsattsafowa daga gare shi.

“Bangon zai tashi kuwa?” ta ce.

“Ban sani ba, Inna. Wanda ya sani ya tafi.”

Ya matsa gaba kaɗan, ya ci gaba da bugu.