Launin da ke Ƙarƙashin Murfin Aljihu

Kawu Rimtebay, yayan mahaifiyata, ya tsufa yana shafa wa matattun sojoji fenti. A bayan gidansa da ke garin Sarh akwai wata rumfar kwano cike da 'yan mutum-mutumi, daga ƙirji zuwa kai, kowanne bai wuce dunƙulen hannu ba. Duk kakanninmu ne da Faransawa suka ɗiba zuwa yaƙe-yaƙensu. Kakansa ma yana cikinsu. Abin da ya dawo gida daga gare shi guntun jar ɗamara ne kawai, kuma daga wannan ƙyallen Kawu ya fara haɗa launi tun yana saurayi.

Ba ya cinkar launi. Waɗanda suka tafi a farkon yaƙin duniya na ɗaya shuɗi mai duhu yake ba su, da rawaya a wuyan riga, na bayansu kuma kaki. Idan aka kawo masa tsohuwar riga, ba ya kallon gabanta. Sai ya ɗaga murfin aljihu, ko ya farke kalmasa, domin a cewarsa rana ta cinye na waje, asalin yana inda ba ta shiga. Wani malamin makaranta ya taɓa roƙonsa ya ƙara wa hular kakansa ja.

"Kakan naka soja ne ko zakara?" in ji Kawu. "A cikin rami ya mutu, hularsa lulluɓe da ƙyalle. Ɗauki abinka ka kai wa mai fentin mota."

Ina gama jami'a na dawo gida, ban ko kwance jaka ba, sai ga wani soja, abokin aikin yayana Jimasra, da leda a hannu. Ya ce an yi musu kwanton ɓauna a bakin tafki can arewa, ba a sami gawa ba, sai wannan riga da aka tsinta a cikin ciyawa kusa da inda aka ga yayana na ƙarshe. Rigar ruwan ƙasa ce, duk huji.

Inna ta ƙi yarda. Ta hana a yi zaman makoki, ta daina cin tuwo, kullum tana bakin titi tana leƙa motocin da suka fito daga arewa. Zanenta ya fara zame mata. Da ƙyar matan cocinmu suka shawo kanta, ta ce in Kawu ya yi mata ɗanta ta riƙe a hannu, za ta yi kukansa.

Ni na kai masa rigar da hoton da Jimasra ya ɗauka a hutunsa na ƙarshe, sanye da kaki ruwan yashi.

"Zauna, mai digiri, ƙafarka tana girgiza mini tebur," in ji shi.

Ya shimfiɗa rigar, ya ɗaga murfin aljihu kamar yadda ya saba. Sannan ya farke kalmasa, ya matso da ita kusa da hoton. Kore ne a ciki, kore shar mai dabbare-dabbaren baƙi.

"Kawu, mene ne?"

"Rana ce ta mai da ita ruwan ƙasa. Su Jimasra ba su taɓa sa wannan yadin ba. Mai rigar nan ɗan wata uwar ne."

Na ce to wataƙila yana raye, mu gudu mu faɗa wa Inna.

"Wataƙila. Ko kuma yana kwance a cikin ciyawar da rigarsa a jikinsa. Wanne za ka faɗa mata? Ka ga yadda wuyanta ya rame kuwa?"



Ya zuba fuskar mutum-mutumin, ya fitar da haƙoran gaban nan masu wushirya. Da ya zo kan riga sai ya ajiye hoton gefe. Bai haɗa ruwan yashi irin na hoton ba, bai haɗa kore ba. Launin da rana ta bari a wajen rigar ya haɗa, wanda Inna ta riga ta gani a cikin leda, launin da babu rundunar da ta taɓa ɗinka shi. Ya mai da kalmasar ya ɗinke da hannunsa.

Da ya miƙa wa Inna mutum-mutumin, ta juya shi, ta dubi rigar, ta dubi ƙirjin.

"Yaya, shi ne?"

"Shi ne, Denemaji."

Ta ƙwalla ihun da ya tara unguwa. Aka yi makoki, aka binne rigar. Bayan nan ta karɓi kunu, yanzu har tana cin tuwo da miyar kuɓewa.

Kawu bai sake buɗe gwangwanin fenti ba. Sojojin da ya zuba kafin lokacin suna nan farare a kan katako, ƙura tana hawansu. Idan an zo da aiki sai ya ce idonsa ya mutu, alhali ina ganinsa yana zura zare a allura. Ni kuwa na karɓi aikin Inna ba tare da ta sani ba. Kowace motar arewa ta tsaya a tasha, ina wurin, ina duba masu saukowa.