Ranar da Na Shayar da Komadugu Ruwa da Sauran Rana

A lokacin ban yi aure ba, ina gabatar da shirin yamma a wani ƙaramin gidan rediyo a garin Diffa, kuma in faɗi gaskiya kaina ya kumbura. A kasuwa mata na gane muryata kafin su gane fuskata. Mahaifina manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu, wajen Geskeru, kuma in aikin gona ya kama, a bukka yake zama shi da maƙwabtansa, nesa da masallaci. Da azumi rediyonsa ne ladaninsu. Yakan rataye shi a jikin bukka, ya gaya wa duk wanda ya zo cewa 'yarsa ce ke ba su izinin shan ruwa. Mutum ne da tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba, ko da ciwo, kuma yana alfahari da haka fiye da yadda yake alfahari da gonarsa.

Duk aikin gidan rediyon a cikin wata tsohuwar kwamfuta yake, wadda mu nan muke ce wa ordinatar. A cikinta aka ajiye kiran sallah, kuma ita ke sake shi da kanta in lokaci ya yi a agogonta. Mai kula da ita ya tafi Damagaram jinyar mahaifiyarsa. Kafin ya tafi ya so ya nuna min wasu abubuwa, na ce masa ya yi tafiyarsa, ai ba jirgin sama ya bar min ba.

Ranar da abin ya faru, hadari ya taso daga gabas tun la'asar ya rufe sama ruf. Iska ta ɗauke wuta. Da aka ta da janareta na kunna kwamfutar, sai rubutu fari ya riƙa gangarowa a baƙin allo kamar kullum, ya zo kan layin da ke cewa tana daidaita agogo, ya tsaya cak. Na jira. Na kashe na sake kunnawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Na zare duk abin da aka soka mata a baya, na hure ƙura, na juyo mata fanka, har marinta na yi a gefe, kamar ita ce ta ɗauke wutar. Azumi ya riga ya cinye ni, bakina ya bushe, ga magariba na matsowa.

Dole na haɗiye girman kaina na kira mai kula da ita. Layi na ta yankewa, sai da ƙyar na same shi. Ya ce tabbas ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikinta ne ya mutu, shi ya sa da wuta ta ɗauke ta manta rana da lokaci. Ya ce in sake kunnawa in yi ta danna wani maɓalli har allo ya koma shuɗi. Na yi, na tarar agogonta ya koma wata shekara tun ina firamare. Ya ce in gyara kwanan wata, sannan in duba wayata in sa lokaci daidai. To wayar na maƙale tsakanin kunnena da kafaɗa, ina tsoron in na motsa ta layin ya tafi. Sai na ɗaga kai na kalli agogon bango na kwafe abin da na gani.

Wannan agogon kuwa kowa a gidan ya san halinsa. Shugabanmu ne ya tura shi gaba da kusan kwatan awa, don ya gaji da makararmu. Ni kaina na sha yi masa ba'a a kai. Amma a wannan lokacin ko kaɗan bai zo min a rai ba. Kwamfuta ta wuce layin nan, ta tashi lafiya, na yi hamdala, har ina jin kaina gwana.

Ba a daɗe ba kiran sallah ya fita. Waje ya yi duhu saboda hadari, ba wanda zai ce rana ba ta faɗi ba. Na ɗauki dabino zan kai baki, sai na lura masallacin da ke bayanmu shiru. Ladaninsa bai taɓa makara ba. Na duba wayata, na ga da sauran kusan kwatan awa kafin magariba.

Nan ne laifina na gaske yake, kuma shi ya sa na rubuta wannan labarin. Makirufo na gabana, yatsa ɗaya zan sa in katse kiran in ce wa jama'a su dakata. Ban yi ba. Na tsaya ina lissafin yadda za a yi da ni a gari, ina gaya wa kaina wataƙila ba wanda zai gane, tunda ga hadari. Na bar kiran ya yi nisa. Sai da ya kusa ƙarewa tsoron Allah ya rinjayi kunyata, na buɗe makirufo na ce kuskure ne, rana ba ta faɗi ba, duk wanda bai sha ba ya dakata. Daga baya mutane da yawa sun gaya min da na yi magana da wuri da sun tsira, don suna cikin addu'a ne ko wanke hannu sa'ad da kiran ya fara.

Washegari malamai suka yi bayani cewa duk wanda ya sha zai rama yini ɗaya. An zage ni a waya, an yi min dariya a kasuwa, shugabanmu ya mayar da agogon bango daidai. Duk wannan na iya ɗauka. Mahaifina ne ban iya kira ba, shi ma bai kira ni ba.

Bayan Sallah na je gona gaishe shi da tsakar rana, na kai masa ruwan sanyi a kula. Na tarar da shi yana gyaran kwarin ban-ruwa, leɓɓansa sun tsage. Na zuba na miƙa masa, ya ce in ajiye, yau yana ramuwa. Bai yi min faɗa ba. Ya ce dai shi ba ya gaggawar sha, yakan bari kiran ya yi nisa tukun, kuma ruwan na maƙogwaronsa ya ji muryata. Na zauna a bakin kwarin na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, domin na san abin da ya raba shi da azuminsa shirun da na yi ne.

Abin da na koya shi ne na'ura ba ta san lokaci ba, abin da ka ba ta shi za ta riƙe ta faɗa wa duniya da ƙarfin murya. Duk mai aikin da mutane suka dogara da agogonsa, ya canza batirin nan kafin ya mutu, kuma in zai sa lokaci da hannu ya tabbatar daga wuri biyu. Wanda kuma ya ga ya yi kuskure, ya faɗa nan take, kada ya tsaya auna mutuncinsa kamar yadda na yi. Har yau mahaifina na rataye rediyonsa a jikin bukka, yana kuma saurarena. Amma in kira ya fita, sai ya ajiye kofin ya fita waje ya dubi yamma tukuna.