Tsinin Ƙusa

A gidanmu na Fagge, idan an idar da sallar magariba, mukan kewaye murhu inda kakarmu Inna ke jiran tuwo ya nuna. Ni take kira mijinta, ta ce ban taɓa kawo mata cefane ba sai majina. Amma akwai wata ranar da babu wanda ya yi dariya.

Babanmu kafinta ne, ƙaninsa Baffa Sule kuma yana koyon aikin a hannunsa. Sun samu aikin daɓen katako a benen wani mai sayar da kayan mota a Sabon Gari, Oga Emeka. Farin katako ne mai laushi da ake kira fayin, wanda aka sha wahala kafin a samo shi. Baba ya fita sayo fenti, ya bar Baffa da bugun ƙusa. Ko da ya dawo, bakunan katakan sun tsattsage. A gaban mai benen da yaran shago ya kira Baffa jaki.

Da yammar nan Baffa yana ɗaki yana cusa kaya a jaka. Ya rantse da safe zai bi jirgin ƙasa, ba zai ƙara kwana a gidan ba. Baba yana zaure ya haɗe rai. Inna ta tura itace a wuta, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan tafe, ku matso ku karɓe ta."

Wai kura ce ta gina bene, ta kira wani kafinta ya yi mata daɓen katako. Ta ce duk katakon da ya tsage, za ta ci akuyarsa ɗaya, in awaki sun ƙare ta ci shi. Tsoro ya sa ya wasa ƙusoshinsa suka yi tsini kamar allura. Ya buga ta farko, katako ya ce ƙas! Kura ta lashe baki. Ya ƙara wasawa, ya buga, ya sake tsagewa. Haka garken ya ƙare, saura katako ɗaya, kura ta matso har yana jin numfashinta a ƙeyarsa. Ya ɗaga guduma.

Sai Inna ta yi shiru, ta kama tuƙa tuwo.

"Inna, sai me?"

"Na manta, maigida. Tsufa ne. Ku je ku tambayi babanku, shi ubansa ya koya wa."

Muka ruga zaure muka janyo shi, ƙanwata tana kuka kura za ta ci mutum. Ya zo yana tsaki. Ya zaro ƙusa daga aljihu, ya kifa kanta a kan dutsen murhu, ya daddaki tsinin har ya dakushe.

"Ai kowa ya san wannan," in ji shi. "Mai tsini raba katako take yi. Dakusasshiya kuwa huda shi take ta wuce."

Daga ɗaki muka ji muryar Baffa.

"Kowa, Yaya? Yaushe ka taɓa nuna mini?"

Inna ba ta dubi ko ɗayansu ba. Baba ya daɗe a tsaye yana juya ƙusar, mu kuwa mun ƙi motsi. Can ya je bakin ƙofar ɗakin ya durƙusa.

"Sule, fito ka ci tuwo. Gobe tare za mu cire katakan, ka buga ina kallo."

Da safe na ga takalman Baffa a inda suke.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar a kan dabarar ƙusa take. Yanzu ni ma kafinta ne, ina da yara a shago, kuma ba zan ɓoye ba, bakina ya fi na Baba kaifi. Nakan tsinci kaina ina zagin yaro a kan abin da ban taɓa zama na koya masa ba. Allah Ya yafe mini. Da Baba bai durƙusa a ƙofar nan ba, da ban iya sana'ar ba ma, domin bai yi tsawon rai ba. Baffa Sule ne ya riƙe hannuna a kan guduma, kuma bai taɓa ce mini kowa ya sani ba.