Ɓawon Asuwaki a Cikin Jirgin Ruwa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga unguwarmu Bagdadiyya, mu uku, duk dattawa, muka nufi Abhur a arewacin Jidda. Titin Madina a buɗe yake a wannan lokaci, sai motocin ɗaukar ma'aikata. Mun tsaya mun sayi ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi, muka ci a mota.

Wanda ya gayyace mu ɗan wani aminina ne marigayi, haifaffen Jidda, jikan mutanen Haɗeja. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa wa wani attajiri jirgin ruwa mai tafiya da iska. Bai taɓa roƙon aron jirgin ba sai wannan karo, domin ya kai abokan mahaifinsa su ga teku. Maigidan ya yarda, amma da sharaɗi: a dawo kafin magariba, jirgi yadda aka ɗauke shi, don yana da baƙi washegari.

Masu gadin gaɓa suka duba iƙamarmu, wato takardar izinin zama, muka fita. Na hau kwalekwale a Yawuri, na shiga jirgin Tafkin Chadi, na ƙetare wannan tekun daga Bur Sudan ina saurayi, amma ban taɓa shiga jirgin da za a kashe inji ya ci gaba da tafiya shiru ba. Ruwan kuwa garau, kana hango duwatsun ƙasa da kifaye. A cikin jirgin akwai falo mai daɓen katako da darduma, da wurin girki, da ɗan banɗaki mai wurin wanka wanda mutum mai ƙiba sai ya shiga a karkace.

Da hantsi aka jefa anka kusa da wani tsibiri, muka yi ta jefa ƙugiya. Kifi huɗu aka kama, babu nawa a ciki. Bayan azahar ɗaya daga cikin abokan tafiyata ya sauka ƙasa, sai muka ji shi yana salati. Ruwa ya cika daɓen banɗaki, ya haye dokin ƙofa, ya fara jiƙa gefen dardumar falo.

Matuƙin bai ɗaga murya ba. Abu na farko da ya yi, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. “Alhamdu lillahi, babu gishiri, ya Ammi,” in ji shi, don haka yake kirana da Larabci, wato Baffa. “Ba teku ce ta shigo ba, moya ce tamu, ruwan da muka yi amfani da shi, ta ƙi fita.” Sai ya naɗe dardumar, ya yi mana bayani. Daɓen banɗakin yana ƙasa da fuskar teku, saboda haka ruwa ba ya fita da kansa. Yana taruwa ne a wani ƙaramin akwati a ƙarƙashin katako. In ya cika, wata roba mai iyo ta ɗaga, ta kunna famfon lantarki ya tura shi waje.

Ya bi abin daki-daki. Batir da caji, fis bai ƙone ba. Ya danna makunni da hannu, famfon ya yi gurnani, amma da na leƙa gefen jirgi ko ɗigo bai fita ba. Nan na ga fuskarsa ta canja. In famfon ya ƙone, ba a samun irinsa a yini ɗaya, kuma sai ya tsaya gaban maigidansa ya faɗi abin da baƙinsa suka jawo.

Ya kwashe ruwan da kofi, ya kwance murfin akwatin, ya zura hannu. Abin da ya ciro ya cika tafinsa: ɓawon itace da zare-zare, sun toshe rariyar akwatin, sun maƙale robar mai iyo. Ya duba, ya shinshina, ya ce, “Datti ne kawai. Ni ne ban duba ba kafin mu taso.”

Ba datti ba ne, kuma ya sani. Na sayo damin asuwaki a kasuwar Balad don in raba wa jama'a. Kafin alwalar azahar na zauna a banɗakin na fere bakin kowanne da wuƙa, na kora ɓawon da ruwa cikin ramin da ke daɓen. A duk jiragen da na sani, rami irin wannan teku yake kaiwa kai tsaye.

“Ɗana, asuwakina ne,” na ce.

“Haba Alhaji,” in ji abokina mai salati, “mutum ya zaga duniya, ya zo ya nutsar da mu da tsinken goge baki!”

Matuƙin ya wanke rariyar, ya zare tiyo ya hura, wani guntun ɓawo ya fito daga bakin famfon. Ya mayar da komai, ya zuba bokiti guda. Robar ta ɗaga, famfon ya tashi, muka ji ruwa yana zuba a gefen jirgi. “Khalas, shi ke nan,” ya ce, ya zauna a ƙasa ya share gumi. Muka shanya dardumar a rana, muka ci soyayyen kifi da shinkafa, sannan muka juyo.

Mun iso da sauran rana, muka tarar da maigidan a bakin gaɓa. Gefen dardumar bai gama bushewa ba, kuma ya gani. Kafin matuƙin ya buɗe baki na riga shi, na faɗi komai da Larabci, har da yadda ya so ya ɗauki laifin. Mutumin ya sauka ya zuba ruwa da kansa, ya saurari famfon, ya fito ya ce wa matuƙin ya zo da wuri gobe.

Na koma Bagdadiyya bayan isha'i. Abin da na koya shi ne yawan jiragen da na hau bai sanar da ni wannan ba, kuma da na yi tambaya ɗaya kan ramin nan, da ta wadatar. Na kuma ga cewa girman da ake ba mu dattawa wani lokaci a kan abincin wani yake hawa. Da na yi shiru, da wannan bawan Allah ya amsa laifina a gaban maigidansa, kuma ba zai taɓa gaya mini ba.