Shan Ruwa a Bayan Kicin

Jiya da magariba, ni da kaina, shugabar zumuntar mata ta majami'armu, wadda ta shahara wajen wa'azin ƙaunar maƙwabci, na zagaya kwashe shanya, sai na iske Hafsatu a bayan kicin da kofin kunu da 'yan ƙosai. Sai a lokacin mai girma shugaba ta tuna cewa Musulmi suna azumi.

Hafsatu ɗaliba ce daga Katsina. Tana zaune a gidanmu, tana kula mini da yara idan na tafi ofis.

Ta jingina wayarta da bokiti, ta kira mahaifiyarta ta bidiyo don su sha ruwa tare. Sabis ya ɗauke, fuskar tsohuwa ta tsaya cik, ita kuwa ta kasa kai kofin baki.

Na gyara murya irin wadda nake buɗe taro da ita. "Hafsatu, an kira salla tun ɗazu. Me kike jira?"

"Mama, a gidanmu da hayaniya ake shan ruwa, ana rigima a kan ƙosai. Ni kaɗai, kunun ba ya wucewa."

Na ajiye muƙamina gefe, na jawo kujera 'yar tsugunno, na ɗauke ƙosan da ya fi girma.

"Kai, Mama! Ke da ba ki yi azumi ba!"

"To, ga rigima ta samu. Sha."

Ta yi dariya, ta sha. Ban gaya mata ba cewa tun da aiki ya mayar da maigida Fatakwal, ni ma a tsaye nake cin tuwona.

Jama'a, wa ke cin abinci shi kaɗai a Abujan nan? Ku yi magana, kada in zaci mu biyu ne kawai.